Babi na 9: Shekara Huɗu a Bayan Ciyawa

A Ingila, mai son gina gida ko ƙara babban sashe a jikin nasa sai ya nemi izinin ƙaramar hukuma, bisa dokar tsara birane da karkara ta 1990. Wa'adin izinin shekara 3 ne. Mutane sun nace cewa a cikin shekarun nan uku dole a gama ginin, kuma sam dokar ba ta faɗi haka ba. Farawa take nema. Ko ramin harsashi aka haƙa, an fara. Batun sharuɗɗan da ake liƙa wa izini da na ɗaukaka ƙara kuwa a bar wa lauyoyi.

Wata maganar da ta ƙi mutuwa ita ce wai duk wanda ya yi gini ba izini ɗauri ne ke jiransa. Ina! Yana iya neman izinin bayan ya gama. Laifi yana farawa ne bayan hukuma ta ba shi takardar umarnin gyara ko rushewa, shi kuma ya yi kunnen uwar shegu. Gidajen tarihi da gwamnati ta yi wa rajista kuwa hukuncinsu ya bambanta, don taɓa su ba izini laifi ne tun daga ranar farko.

Inda abin yake da daɗin ji shi ne tsohuwar ƙa'idar shekara 4: in an kammala gini ya shekara huɗu hukuma ba ta ce uffan ba, ya zauna ke nan. Wani manomi mai suna Robert Fidler, a Salfords cikin yankin Surrey, ya karanta wannan ƙa'ida ya ga ƙofa a buɗe. Ya gina katafaren gida irin fadar sarakunan Turai na da, har da hasumiyoyi da igwa, sannan ya kewaye shi da dammunan ciyawa masu tsawon kusan ƙafa 40, ya lulluɓe da tamfol. A 2002 ya tare da iyalinsa. Mai wucewa ba abin da yake gani sai tulin abincin shanu. Shekara huɗu na cika, a 2006, ya kwashe ciyawar, fada ta bayyana tsaf.

Ƙaramar hukumar Reigate da Banstead ta ce a rushe. Hujjar da ta kayar da shi tana da ban sha'awa: tunda tun farko ba da niyyar zama a bayan ciyawa har abada ya yi ginin ba, kwashe ciyawar ma aikin gini ne, don haka ranar da ya cire dami na ƙarshe ne aka soma ƙirga masa shekara huɗun. Babbar kotu ta amince a 2010. Fidler ya yi ta ja har 2015, sa'ad da alƙali ya ce ko ya rushe ko ya sha ɗaurin wata 3. A 2016 fadar ta koma ƙasa.

Wani mai suna Alan Beesley ma ya gwada tasa dabarar: ya karɓi izinin rumbun ciyawa, ya gina gidan zama a ciki. Kotun ƙoli ta kayar da shi a 2011, kuma a shekarar aka yi dokar da ta ba ƙananan hukumomi ikon bin wanda ya ɓoye gini da gangan ko da wa'adi ya wuce.

Daga 25 ga Afrilu 2024 wa'adin ya koma shekara 10 a Ingila, sai dai ginin da aka kammala kafin wannan rana yana nan kan tsohuwar ƙa'ida. A Wales har yanzu shekara 4 ce.