Zanen Birnin Da Ruwa Ne Titinsa

A ƙasar Italiya akwai wani birni mai suna Benis, wanda aka gina cikin ruwan gishiri, bisa itatuwan da aka kafa cikin laka. Babban titinsa hanyar ruwa ce mai tsawon kusan kilomitir 4. Tana ratsa gari tana lanƙwasa kamar maciji. Ba mota, ba jaki, sai kwalekwale.

A shekara ta 1500 wani gwani, Yakopo de Barbari, ya fitar da zanen birnin nan duka. Shekara 3 ana aikin. An sassaƙa shi bisa allunan itace 6, aka shafa tawada aka buga bisa takarda, faɗinsa ya kusa mitir 3. Abin mamaki, ya zana garin kamar yadda shaho zai hango shi daga sama, alhali lokacin ba jirgin sama, ba hoto.

Wannan zane ba na kallon sauri ba ne. Sai mutum ya bi hanyar ruwan da yatsa, gida gida. Ga tagogi ana iya ƙirga su. Ga ƙofofi suna buɗewa bisa ruwa, inda ƴan kasuwa ke sauke kaya. A tsakiya ga gadar Riyalto, ta katako, an yi ta yadda za a ɗaga tsakiyarta jirgi mai dogon itace ya wuce. Wannan gada ta rushe a 1524, ta dutse da ke nan yau an gama ta a 1591. Mai son ganin ta farko sai ya koma ga zanen.

Ni abin da ya fi kama mini hankali rijiyoyi ne. Ga su nan a filayen unguwanni. Mutane suna zaune cikin ruwa amma ba na sha! Sai suka haƙa ramuka suka cika da rairayi, ruwan sama ya bi ya tace, su ɗiba. Duk wanda ya san wahalar ruwa a rani zai gane su.

Har yau ruwa bai bar Benis ta huta ba. Ambaliyar 1966 da ta 2019 sun shiga gidaje sun ci bangaye. Masu binciken tsofaffin gine-ginen birnin suna duba zanen nan don su san yadda wuri yake da. Allunan 6 kuma suna ajiye a gidan kayan tarihi na Korer, cikin birnin.