Saƙon salula da zuwa lakwal

A ƙauyukan Agye, Gazawa da Gidan Rumji, ana buɗe lakwal a Oktoba, daidai lokacin kakar gero. Yaro na gona, yarinya na talla, mushe yana kiran suna babu mai amsawa.

Akwai dabarar rage wannan fashi, kuma ba wuya: duk ranar da ɗalibi ya yi fashi, sai saƙo ya shiga salular iyayensa. An gwada makamanciyarta, da saƙon mako-mako, a makarantu 22 na jihar West Virginia a Amurka, halartar darasi ta ƙaru da kashi 12 cikin 100.

Nan gida Nijar kuwa, a 2014 masu bincike Jenny Aker da Christopher Ksoll sun bi ta kira a azuzuwan yaƙi da jahilci na Maraɗi da Damagaram. Kowane mako ana buga wa malami, maigari da ɗalibai waya, kuma karatu da lissafi suka inganta.

Sai dai iyaye da yawa ba sa karanta rubutu, ballantana Faransanci, kuma galibi wayar tana aljihun maigida, alhali uwa ce ke ɗora wa yarinya faranti. Saboda haka a wannan yanki, saƙon murya da Hausa ya fi rubutacce dacewa.