Mece ce Mahaukaciyar Guguwar Teku?

Idan damina ta yi nisa, labarin mahaukaciyar guguwa yakan cika jaridu. A istilahin masana, ita ce iska mai juyawa wadda gudunta ya kai kilomita 119 a sa'a.

Asalinta kuwa ruwan teku ne mai ɗumi, wanda tururinsa ke tashi ya haɗa hadari, sa'an nan juyawar duniya ta murɗa shi, ya bar fili marar iska a tsakiya da ake kira ido. Abin al'ajabi, da yawa daga cikin na tekun Atilantika daga hadarin Afirka ta Yamma suke somawa.

Mazauna gaɓa su ne a bakin musiba, domin ruwan da iskar ke tunkuɗowa ya fi ta kisa. Alal misali, ran 8 ga Satumba, 1900, teku ya haye tsibirin Galveston a jihar Texas ta Amurka, ya halaka aƙalla mutum 6,000, bayan haka mahukunta suka gina katanga, suka kuma ɗaga ƙasar birnin da yashi.