Wa Ya Ruɓar da Dankalina?

Ran da muka buɗe ramukan nan biyu, ba a daɗe da watsewa daga bikin Uhola ba, hazon hunturu ya rufe duwatsun Zuru har ba a hango kawunansu. Da ramin Gwaggo aka fara. Ta zare wani ɗan damin karan dawa da ke tsaye a tsakiyarsa ta jingine, ta ture ƙasa da hannu, ta ɗaga ciyawa, ta zaro dankali jawur ta karya: ƙas! Har da farin ruwan nan a bakin karayar, sai ka rantse jiya aka tono shi.

Aka zo kan nawa. Tun kafin in yaye ledar, wani wari mai tsami ya bugi hancina. Na cusa hannu na ji ɗumi, yatsuna suka nutse cikin abu mai yauƙi. Buhu uku na binne, abin da na tsinta mai kyau bai cika kwano ba.

Gona ɗaya, iri ɗaya, rana ɗaya muka yi tono a watan Nuwamba, tsakanin ramukan kuma bai fi taku ashirin ba. Ruwa dai ba ya tsami banza. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, kai da ka yi boko, ai kai za ka faɗa mana." Ta kwashi nata ta shige madafa.

Sanyi na fara tuhuma, domin daga ƙasar sanyi na kwaso sha'awar abin. Na karanta labarin Elliston, wani ƙauye a tsibirin Newfoundland na ƙasar Kanada, inda ake da ɗakunan ajiya fiye da 130 da aka haƙa a gefen tudu aka gina da dutse, wasu tun ƙarni na 19. A ciki suke adana dankalin Turawa da karas da kabeji har ƙanƙara ta wuce. Dabarar ita ce, ƙasa ba ta saurin ɗaukar zafi, ba ta saurin sakinsa. Ko da ruwa ya daskare a waje, cikin ɗakin bai kai ga daskarewa ba. Sai dai dankalin Turawa yana son sanyi kamar digiri 4, namu na Hausa kuwa da zarar ya daɗe a ƙasa da digiri 13 sai cikinsa ya yi baƙi, ya ƙi dahuwa. Shi ya sa ba ya shiri da firji. Na ce to, darare masu sanyi ne suka gama da shi. Amma zargin bai yi nisa ba. Daren da ya ratsa ramina shi ya ratsa na Gwaggo, kuma hannuna ɗumi ya ji a ciki. Na sallami sanyi.

Ƙanena ya ce gafiya ce, ko gara. Muka ɗauki fartanya muka bi gefen ramin kaf: babu hanyar gafiya, babu shatin haƙori, babu ginin gara. Sai na koma kan ƙwaron dankali, wanda ke yin ƙwai a jikin saiwa, tsutsarsa ta yi ta huda ciki har dankali ya yi ɗaci ko akuya ta ƙi shi. Na yanka guda goma daga waɗanda ba su narke ba, biyu kacal na samu da hudarsa. Ya taɓa, amma bai isa ya cinye buhu uku ba.

Wannan yankan ne ya nuna mini sawun farko. Duk wanda ya ruɓe rabi, daga wuri ɗaya ɓarnar ta faro: inda fartanya ta sare shi, ko inda fatarsa ta saɓule. Nan na tuna ranar tono. Ni da son tsabta, na zuba nawa a baho na wanke tas har da gogawa, na ja buhunan a ƙasa, kafin magariba na binne. Gwaggo kuwa tsibi ta yi da nata, ta lulluɓe da ganyensa, ta bar shi kusan mako, har ina ce mata, "Gwaggo, wannan ai sakaci ne." Ashe jinya take yi masa. Dankali yana warkar da rauninsa in ya sami ɗumi kamar digiri 30 da danshi na kwana huɗu zuwa bakwai. Sabuwar fata ce ke fitowa ta toshe wa funfuna ƙofa. Bayan nan ta zauna ta tsince shi ɗaya bayan ɗaya. Mai sara ya tafi tukunya, lafiyayye kaɗai ya shiga rami, bisa busasshiyar ciyawa, da barbaɗin toka tsakanin jeri da jeri.

Na ɗauka magana ta ƙare, amma abu biyu suka ƙi barina in yi barci. Waɗanda ba su da ko ƙwarzane ma sun ruɓe. Sannan ɗumin nan fa, da ɗigon ruwan da na gani reras a cikin ledar, alhali tun Oktoba ba a yi ko yayyafi ba?

Na koma na auna ramukan da idona. Nawa iyakarsa gwiwa, a fili, rana na dukansa tun hantsi. Nata ya kai cinya, a gindin mangwaro. Zafin rana a saman ƙasa yake yawo, kana nutsawa yana raguwa, don haka ta fi ni sanyi. Amma ruwan daga ina? Daga jikin dankalin kansa. Saiwa ba ta mutuwa don an tono ta. Tana shaƙar iska, tana fitar da zafi da tururi, kamar mutane a ɗakin da aka kulle. Ni kuma na shimfiɗa leda ƙasa da sama, na yaɓe baki da laka. Gumin ya rasa mafita ya koma kansa, iskar ta ƙare, ya shaƙe.

Saura tambaya ɗaya: ita ma ai ƙasa ta tura a kan nata, ta ina yake numfashi? Da asuba na je wani ramin nata da ba ta buɗe ba tukuna, na tsuguna. Damin karan nan yana tsaye, an kifa masa fasasshen kasko. Na ɗaga kaskon na kara bayan hannuna, sai na ji wata iska mai ɗan ɗumi tana hurowa ta tsakanin karare. Na tono gefensa kaɗan, na ga karan ya nutse har gindin tsibin. Duk watannin nan na zaci alama ce don kada yara su taka, ashe hancin ramin ne.

Sai gabana ya faɗi. Ranar da na binne nawa, Gwaggo ta zo ta soka irin wannan dami a tsakiya ba ta ce komai ba. Tana juya baya na zare shi na jefar, wai kada ɓera ya bi ta nan.

Da na waiwaya, ko'ina hancin nan yana nan. Ɗakunan Elliston da yawa suna da bututun iska a rufinsu. Rumbunan Dakarkari a kan duwatsu ake ɗora su, iska na ratsawa ta ƙasa. Manoman albasa na Aliero a rudu suke ajiya, na kara da ciyawa. Tukunya cikin tukunyar da Mohammed Bah Abba ya yaɗa daga Jigawa, wadda ta samo masa kyautar Rolex a 2000, ba ta sanyaya komai sai iska na busar da jiƙaƙƙen yashinta. Ni na kwafo rami daga littafi, na bar hancin a can.

Na same ta tana feraye dankali, na ce, "Gwaggo, na gano mai laifin."

Ba ta ɗago ba. "Wane ne?"

"Wanda ya zare karan."

Ta yi dariya har wuƙar ta suɓuce. Na ce me ya hana ta faɗa mini tun ranar? Ta ce, "Da na faɗa, da ka ce wane littafi na karanta." Ta miƙo mini dafaffe guda, ta nuna tarin karan da ke jingine da rumbu. "Ka ware masu kauri ka ɓoye kafin a kai su murhu. Kaka na nan tafe."