Sakatariyar da Ta Ƙirƙiro Farin Ruwan Gyaran Rubutu

A ofisoshi da makarantun Gazawa, Agye da Gidan Rumji na jihar Maraɗi, da wuya ka rasa 'yar kwalbar nan mai farin ruwa da ake kira blanko. Harafi ya kauce, a shafa masa kaɗan, a hura, a jira ya bushe, sai a rubuta daidai a kansa. Mutane kaɗan ne suka san cewa wata sakatariya ce ta fara haɗa irinsa a cikin gidanta.

Sunanta Bette Nesmith Graham, an haife ta a 1924 a Dallas ta Amurka. Ba ta ƙare sakandare ba, aurenta ya mutu a 1946, ya bar ta da ɗa guda da za ta ciyar. Ta sami aikin sakatariya a bankin Texas Bank and Trust, inda sabbin kekunan rubutu masu aiki da lantarki suka zame mata alaƙaƙai. Da an taɓa tawadarsu da abin gogewa sai ta dame, dole a sake buga shafi tun daga farko.

Da yake tana taɓa zane, har takan yi wa tagogin bankin ado lokacin bukukuwa, ta lura mai zane ba ya kankare kuskure. Fenti yake ƙara shafawa, kamar yadda ake rufe tabon bango da farar ƙasa. Sai ta dama farin fenti mai narkewa a ruwa, ta tafi da shi ofis da ɗan burushi. Abokan aikinta suka gani, kowa ya ce a sam masa.

A 1956 ta fara sayar da shi da sunan Mistake Out. Da injin markaɗen madafarta take haɗawa, ɗanta Michael da abokansa suna ɗurawa a kwalabe, malamin kimiyya na makarantarsu yana taimaka mata gyara haɗin. Ta kai wa kamfanin IBM tayi, ya ƙi. Daga baya ta sauya sunan ya koma Liquid Paper, bankin kuma ya sallame ta bayan ta buga sunan kamfaninta a wata wasiƙar ofis.

Korar ta ba ta damar riƙe sana'ar hannu bibbiyu, har masana'antarta ta kai ga fitar da kwalabe miliyan 25 a shekara. A 1979 kamfanin Gillette ya saye ta a kan dala miliyan 47.5. Bette ta rasu a 1980, bayan ta kafa gidauniyoyi biyu na tallafa wa mata.

A nan gida ma akwai masu tallafa wa mata: tun 1991 ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara suka soma a jihar Maraɗi, suna ba mata rancen jari. Ya kamata waɗannan ƙungiyoyi da hukumomin garuruwa su riƙa sauraren 'yan matan da ke zaune gaban kwamfuta a ofisoshinmu, su ba da rance ga duk wadda ta zo da dabarar sauƙaƙa aikinta.