Duranta: shinge mai kyau da ƙamshi, amma a kula da 'ya'yanta

Duk wanda ya zaga unguwar Kalpohin a Tamale zai ga wani ɗan itace da ake jerawa a matsayin shinge a gaban gidaje, makarantu da ofisoshi, ganyensa kore mai haske, wani ma har ya yi ruwan ɗorawa. Sunansa duranta. Asalinsa daga Meziko ne da tsibiran Karibiyan da Kudancin Amurka, kuma an raɗa masa sunan ne don tunawa da Castore Durante, wani likita masanin tsirrai ɗan Italiya da ya rayu a ƙarni na 16.

Da yawa daga cikinmu ba mu taɓa ganin furenta ba, saboda kullum almakashi yana kanta. Idan aka bar ta ta sake, takan yi ƙananan furanni masu launin shunayya, da ɗan ƙamshi mai sanyi, sannan 'ya'ya su biyo baya, ƙanana masu ruwan goro, suna reto kamar tsakiya a wuyan amarya.

Shuka ta ba wuya. A yanko reshe mai tsawon taƙi guda, wanda bai yi ɗanye sosai ba kuma bai tsufa ba, a zage ganyen ƙasa, a soka shi cikin leda mai ƙasa haɗe da rairayi da taki ruɓaɓɓe. Ko ledar fiya wata ma ta isa, in dai an huda gindinta. A ajiye a inuwa, ana yayyafa ruwa, bayan 'yan makonni za a ga sabon toho. Sai a dasa a inda rana ke bugawa sosai, domin a inuwa furen kan yi ƙaranci.

Lokacin dashe shi ne magana a nan Tamale. Damina ɗaya gare mu, daga wajen Mayu zuwa Oktoba. Wanda ya dasa a Yuni, ruwan sama ya rage masa aiki, saiwa ta kama kafin hunturu. Wanda kuwa ya dasa a Janairu, to ya shirya ɗaukar galan ɗin Kufuor safe da yamma har zafin Maris ya wuce, ga famfo sai ya ga dama yake kawo ruwa. Ruwan alwala da aka tara a bokiti yana rage wahala. Awaki kuma, sai an kare dashen da ƙaya ko ragar waya.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne. Wata rana a lokacin tara, na tarar da wani yaro ɗan aji biyu ya cika aljihu da 'ya'yan duranta yana raba wa abokansa. Allah ya kiyaye, babu wanda ya riga ya haɗiye. Da na tambaye shi, sai ya ce, "Malam, ai tsuntsaye suna ci." Gaskiya ya faɗa, tsuntsaye na ci ba abin da ke samunsu, su ne ma ke yaɗa irin. Ɗan adam kuwa daban: ganyen da 'ya'yan suna da guba, kuma an samu rahoton mutuwar yara da karnuka a wasu ƙasashe bayan sun ci. Amai, gudawa, zazzaɓi da yawan barci suna cikin alamun. Idan yaro ya ci, a garzaya da shi asibiti, a riƙe reshen a nuna wa likita, kada a tsaya ba shi manja a gida.

Ni ban ce a tumɓuke ta ba. A ganina, a makarantun firamare da gidan da ke da ƙananan yara, a riƙa aske ta akai-akai yadda ba za ta kai ga yin 'ya'ya ba. Mai son furen ya ware guda ɗaya a bayan gida, ya tsinke zangarniyar da zarar fure ya bushe. A makarantarmu yanzu ana askin shingen duk ƙarshen wata, kuma 'yan aji shida ne ke zagayawa da safe suna duba ko wani reshe ya ɓuya da 'ya'ya.