Barcin Jariri Amana Ne: Abin Da Za Ka Duba Kafin Ka Bar Ɗanka A Hannun Mai Reno



'Yan uwa magidanta da iyaye mata, yau darasinmu a kan barcin jarirai ne, musamman waɗanda ake bari a hannun wasu. Zamani ya sauya. Wata tana koyarwa a firamare, wata tana aiki a asibiti, wata tana karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko Kwalejin Isa Kaita. Wata kuma biki ne ko kasuwa. Sai a bar jinjiri wurin kaka, ko kishiya, ko 'yar reno da ba ta wuce shekara 10 ba, ko a kai shi gidan reno na kuɗi.

In uwa ta dawo, tambayarta ɗaya ce: "Ya yi kuka?" In aka ce a'a, tun ɗazu yake barci, sai hankalinta ya kwanta. To a nan gizo ke saƙar. Shirun yaro ba shi ne lafiyarsa ba. Abin tambaya shi ne yaya ya kwanta, a ina, me yake shaƙa, kuma me aka ba shi.

*1. A kwantar da shi rigingine*

Duk jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, a kwantar da shi a kan bayansa, dare da rana. Ba rubda ciki ba, ba a gefe ba.

Likitoci sun san wata irin mutuwa da ke ɗauke jariri cikin barci, lafiyarsa ƙalau, ba zazzaɓi ba tari. Ta fi yawa daga wata 2 zuwa 4, kuma mafi yawanta kafin wata 6. A Ingila daga 1991, a Amurka daga 1994, hukumomi suka shiga wayar da kan iyaye cewa a daina kifa jarirai. Cikin 'yan shekaru irin wannan mutuwar ta ragu da fiye da rabi. Ba allura aka yi ba, ba magani aka raba ba. Kwanciya kawai aka gyara. An kuma gano cewa haɗarin ya fi tsanani ga jaririn da ya saba rigingine a gida, sai mai reno ta kifa shi don ya fi daɗewa yana barci. Saboda haka bai isa ke ki sani ba, sai wadda kika bar wa ta sani.

Wani zai ce: "Malam, ai sunna kwanciya a gefen dama." Gaskiya ne, ga wanda ke iya juya kansa. Jinjiri in ka jingine shi a gefe, motsi kaɗan zai yi ya faɗa kan fuskarsa, kuma wuyansa bai yi ƙarfin ɗaga kai ba. Kuma ai kwanciyar rubda ciki ita ce aka ruwaito Manzon Allah (SAW) ya hana, kamar yadda ya zo a Abu Dawuda da Ibnu Majah. In yaro ya girma ya yi wayo, sai a koya masa kwanciyar dama da addu'arta.

Iyaye mata kuma tsoronsu tumbuɗi ne, kada ya shaƙe shi. Ki kwantar da hankalinki. Idan jariri yana rigingine, hanyar iska tana sama, hanyar abinci tana ƙasa, abin da ya taso sai ya koma ko ya zubo ta gefen baki. Ki dai sa shi ya yi gyatsa bayan shan nono. Ranar da ya fara juyawa da kansa gaba da baya, ki ci gaba da ajiye shi rigingine, in ya juya ki ƙyale shi.

*2. Shimfiɗa mai tauri, babu tarkace*

Katifa mai lotsawa, matashin kai, tulin zannuwa, bargo mai kauri, 'yar tsana: duk a kawar. Tabarma da zane ɗaya a shimfiɗe sumul ta fi katifar da fuska ke nutsewa a ciki. Kada a bar shi a kan kujerar kushin. In akwai laya ko wani zare a wuyansa, a cire. Wannan ko ba don maganar aƙida ba, igiya a wuyan mai barci haɗari ce.

Ya kwana ɗaki ɗaya da uwarsa, kusa da hannunta, amma da wurinsa daban. Kada a jera jinjiri tsakanin yayyensa masu birgima. A gidan reno ma, kowane jariri da shimfiɗarsa, kada a haɗa ɗan wata 3 da ɗan shekara 3. Uwar da ta gaji liƙis, ko ta sha magani mai sa barci, kada ta shayar a kwance ta bari barci ya kwashe ta. Wannan matsala ba sabuwa ba ce. Malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun yi magana a kan macen da ta danne ɗanta cikin barci ya mutu, suka sa shi a babin kisan kuskure mai ɗauke da kaffara. Ba su faɗa don a ƙara wa uwa baƙin ciki ba, sai don a san nauyin ran.

Sai goyo. Goyo alheri ne, amma a duba. Jariri ya yi barci a baya, haɓarsa ta lanƙwashe kan ƙirji, ga majanyi, ga dogon hijabi an rufe shi ruf, ga zafin watan Afrilu. A bar fuskarsa a buɗe, hancinsa na shan iska. In barcin ya yi nisa, a sauke shi a kwantar.

*3. Wuta da hayaƙi*

Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, nan ake shigar da kaskon garwashi ɗaki, a rufe ƙofa da taga. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Babba zai tashi da ciwon kai da jiri, jariri kuwa yana iya wucewa cikin barcinsa. Haka hayaƙin janareto in an ajiye shi bakin taga ko cikin zaure. Mai jego da ake hura wa wuta ƙarƙashin gado, kada a kwantar da jinjiri a wannan gadon.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina cikin dare, sai Annabi (SAW) ya bayyana wuta a matsayin abokiyar gabarmu, ya yi umarni a kashe ta in za a yi barci. To ka ga, fitar da kasko kafin kwanciya bin sunna ne.

Turaren wuta, igiyar leƙo da taba sigari, duk a nisanta su daga inda jariri yake. Kuma kada a jibga masa kaya. Ki taɓa ƙirjinsa ko bayan wuyansa: in da gumi, ki rage. Sanyin tafin hannu ba ma'auni ba ne. In yana barci a ɗaki, kada a rufe masa kai da fuska.

*4. Gidan sauro*

Sauron zazzaɓin cizon sauro da dare yake cizo. Mu da ke kusa da madatsar Zobe da fadamun noman rani, ba da damina kaɗai muke ganinsa ba. A kafa gidan sauro mai magani, a cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa, a ɗaure shi ya miƙe kada ya zubo kan fuskar yaro. In sabo ne, a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin amfani. Maganin rigakafin da ma'aikatan lafiya ke bi gida gida suna ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, wata wata a lokacin damina, a karɓa, a cika kwana ukunsa.

*5. Kada a sayi barci da magani*

Nan ne na fi so a saurare ni. Akwai masu ba yaro Piriton ko maganin tari don ya yi shiru su samu sararin aiki. Wallahi wannan cin amana ne. Irin waɗannan magunguna suna iya danne numfashin ƙaramin yaro. A 2008 wani maganin haƙori mai suna My Pikin, da aka samu guba a cikinsa, ya kashe yara fiye da 80 a ƙasar nan. A 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. A 2022 yara kusan 70 suka rasu a Gambiya bayan shan gurɓataccen maganin ruwa.

Mu ma masu maganin gargajiya maganar ta shafe mu. Jariri kafin wata 6 nonon uwa kawai yake buƙata: ba jiƙo, ba tsimi, ba ruwan rubutu, ba man habbatus sauda a baki. Zuma waraka ce, amma ba a ba wanda bai cika shekara ɗaya ba, domin tana iya ɗaukar wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya kashewa ba, ta shanye masa jiki. Abin da ke kawo barci mai daɗi sananne ne: ƙoshi, gyatsa, wanka da ruwan ɗumi, shafa man zaitun ko man kaɗanya a hankali, busasshen ƙunzugu, da lokaci guda kullum.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan wata 3 zuwa ƙasa yana buƙatar awa 14 zuwa 17 a yini da dare, ɗan wata 4 zuwa 11 awa 12 zuwa 16, ɗan shekara 1 zuwa 2 awa 11 zuwa 14. Amma farkawar jinjiri don shan nono ba ciwo ba ce. Wanda za a ji wa tsoro shi ne wanda ake tashe shi da ƙyar, ya ƙi kama nono, jikinsa ya saki, numfashinsa na sarƙewa, ko leɓensa ya sauya launi. Wannan ba na jira ba ne. A nufi asibiti mafi kusa ko Babban Asibitin Dutsin-Ma nan take, ana tafe ana addu'a.

*Aikin maigida*

Malam, kai ne makiyayin gidanka, kuma za a tambaye ka. Kafin ka biya kuɗin gidan reno, ka shiga ka gani da idonka. Ina yaran ke kwana? Mace nawa ke kula da yara nawa? Akwai wadda ke zaune a ɗakin tana leƙa su in suna barci? Ka faɗa musu ƙarara: ba a ba ɗana kowane magani sai da sanina. In kuma Inna ce ko Gwaggo ke riƙon, a gaya mata da ladabi da tausasa harshe. Ta haifa ta rena, ba raina ta aka yi ba, ilimi ne ya ƙaru.

Idan magariba ta kawo kai, a shigar da yara gida kamar yadda aka umarce mu. A tofa musu Falaƙi da Nasi, a nema musu tsari kamar yadda Annabi (SAW) yake nema wa Hasan da Husaini. A ɗaure raƙumi, sannan a yi tawakkali.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya tsare su a farke da cikin barci. A tura wa duk mai jego da mai reno. Wallahu a'alam.